Makulli Cikin Laya

Hashimu ya danna abin sau tara, motar ba ta ko ƙifta ido ba. Ya ɗaga shi sama, ya danna. Ya manna shi a haɓarsa kamar yadda wani shofer ya taɓa koya masa, ya danna. Ya zagaya ta gabas, ya zagaya ta yamma. Kat-kat ɗin, babbar motar keta rairayi, tana nan tsaye a ƙofar asibitin Gure, fara fat, ƙofofinta biyar a garƙame, ranar bazara tana dukan rufinta. A baya, inda aka kwantar da kujeru, gawar wansa Barmo ce naɗe cikin bargo da tabarmar kaba, ƙafafun sun ɗan tokare murfin baya, don mutum ne dogo.

Da hantsi Barmo ya cika. An yi takardu, an ɗauko shi an saka, an rufe. Hashimu ya tsuguna ne kawai da buta don ya wanke fuskarsa, sai motar ta yi ƙwit-ƙwit, ta kulle kanta.

"Buɗe mana," in ji Yakura, babbar yayarsu, wadda ke tsaye da ƙullin kayan jinya a ka.

"Yaya, ai buɗewa nake."

"Tun inuwar itacen bedin nan tana kan tayar gaba kake buɗewa. Dube ta yanzu inda ta kai."

Can gefe Husseini ne, babban ɗan mamacin, mushen lakwal, wato malamin makarantar boko, da salula a kunne. Mutanen garinsu Gamu ke kira. An gama haƙa kabari, an ɗora ruwan wanka, liman ya zauna, suna so a yi salla kafin la'asar. Ya ce musu ga su nan bisa hanya, ya kashe, ya zo ya manna goshinsa a gilashin baya yana leƙen mahaifinsa. Gilashin ya ƙona shi, bai janye ba.

"Baba Hashimu, cikin nan ya fi tanda zafi."

"Na sani."

"To me muke jira?"

Hashimu ya damƙe abin da ke rataye a wuyansa, ya sake dannawa.

Ita wannan mota daga Kotonu ta zo, wata takwas da suka wuce, lokacin da fataucin kanwa ya yi wa Hashimu kyau. Ba ta da makulli irin wanda aka sani. Wani ɗan baƙin abu gare ta, bai wuce dabino biyu a haɗe ba, telekomand ake ce masa. An sa masa wata murya wadda kunnen ɗan Adam ba ya ji, motar kaɗai ke jinta, kamar yadda taguwa ke jin kukan ɗanta daga bayan tudu uku. Ka danna daga nesa, ta haska fitilu, ta buɗe. Ka shiga da shi a aljihu, ka taɓa wani maɓalli, ta tashi. Ranar kasuwa mutane har tsayawa suke yi su kalla, shi kuwa Hashimu sai ya yi nisa da gangan kafin ya danna.

Barmo kaɗai bai yi mamaki ba. Shi mutumin kwari ne, inda ruwa ke kusa a gindin tuddan rairayi, rayuwarsa duka tsakanin dabino da rogo da rijiya. Dabinon nan na gado ne, kuma shekara biyu ke nan Hashimu yana matsawa a raba a ba shi nasa ya sayar, Barmo yana cewa ba a raba itacen da uba ya dasa. Ranar wani suna a Gamu, a gaban jama'a, Barmo ya karɓi telekomand ɗin, ya juya shi a tafin hannunsa mai kaushi, ya shinshina shi, ya yi dariya.

"Mota ba makulli? To ranar da ta yi fushi, wa zai ba ta haƙuri?"

Washegari, a ƙofar masallaci, motar ta ƙi buɗewa karo na farko.

Hashimu ya kai ta garaj ɗin Aisami, mai gyaran wutar mota, inda masu irin waɗannan kat-kat ke zama kan benci kowa da kukansa. Wannan tasa ba ta jin kira sai ya matso kamar zai sumbace ta, wancan tasa ta buɗe kanta a tsakiyar kasuwar dabbobi har akuya ta shiga. Aisami ya ɓare abin, ya hure rairayi, ya sa sabon pil, ɗan batirin da ke cikinsa. Bayan sati uku aka koma gidan jiya. Ya sake sa wani. Hashimu ya ce jabu ake sa masa. Amma a ransa ba pil yake zargi ba. Dariyar nan yake ji, da yadda Barmo ya shinshina abin.

Sai ya je wurin Malam Tanimu ya ce kambun baka ya kama masa mota. Malam ya rubuta takarda ta mayar da baki kan mai shi, ƙaiƙayi koma kan masheƙiya, ya tambayi sunan wanda ake zargi da na uwarsa, don haka ake yi. Hashimu ya kalli ƙasa ya ce, "Barmo ɗan Hamsatu." Hamsatu ita ta haife su duka uku. Daga nan ya kai wa Ɗan Talata baduku, aka naɗe takardar da zare, aka ɗora ta kan telekomand ɗin, aka ɗinke su tare cikin jar fata, ɗinki ƙanana matsattsu, aka bar alamar maɓallan a waje da zanen allura. Ta yi kyau ƙwarai. Duk wanda ya gani sai ya ce gidan makulli ne na gayu.

Tun daga ranar motar ta ƙaro sabon hali, ta riƙa kulle kanta ba wanda ya sa ta. Bayan wata biyu kuma Barmo ya kwanta, ƙafafunsa suka kumbura, bai sake tashi ba.

Ƙarar babur ta katse masa tunani. Aisami ne, Husseini ya kira shi. Ya sauka ba gaggawa, ya kafe babur, ya cire hula ya yi wa Yakura da Husseini ta'aziyya da Barbarci, a tsanake, har ya tambayi mutanen gida. Sannan ya juyo.

"Alhaji, Allah ya ji ƙansa. Ashe ɓarawon pil yana da rana."

"Ba surutu na kira ka ba."

"Ba kai ka kira ni ba ma. Sau uku ka zo garaj kana ce min na ɓata ƙwaƙwalwar motarka, a gaban masu kawo min aiki. Mutum biyu sun ɗauke motocinsu sun kai Damagaram saboda bakinka. Sau uku ina ce maka kawo in buɗe fatar nan in gani, kana cewa hannuna ba tsarki."

"Aisami," in ji Husseini, "don Allah. Babana ne a ciki."

Aisami ya sassauta. "Abu mai sauƙi ne, Mushe. Pil ɗin ya mutu. Amma cikin telekomand ɗin akwai ɗan siririn makulli na ƙarfe a ɓoye, saboda rana irin ta yau. Ga ramin nan ƙarƙashin marfin hannun ƙofa. A yanka fatar, a zaro, a buɗe, in sa sabon pil, kun tafi. Ko tafasar shayi ba za a kai ba."

Husseini ya zaro 'yar wuƙa daga aljihu ya miƙa hannu. "Baba, kawo."

Hashimu ya ja da baya. Husseini ya yi allo kafin ya yi lakwal, yana karanta ajami kamar shan ruwa. In takardar nan ta faɗo, layi ɗaya ya isa. Kafin magariba Gamu duka ta ji cewa Hashimu ya yi wa wansa asiri saboda dabino, ya kuma ɗauko gawar da kansa. Ba wanda zai sake cin tuwo da shi. Ko kabarin uwarsa ba zai iya zuwa ba.

"Ba a yanka wannan," ya ce.

"Don me?"

"An ce kada a buɗe."

"Wa ya ce?" Yakura ta sauke ƙullin daga kanta ta dire shi ƙasa. "Wa ya ce, Hashimu? Fatar akuya ta fi ɗan'uwanka? Yana raye ba ka bar shi ya huta ba, ya mutu za ka dafa shi?"

Mutane sun fara taruwa, masu jinya da masu sayar da ƙanƙara da 'yan kabu-kabu. Wata tsohuwa ta ce innalillahi, gawa ce a ciki. Wani ya ce ai motocin nan aljanu gare su, shi ya taɓa ganin wadda ke magana da Faransanci. A ƙarƙashin motar wani buzuzu yana ta tura ƙwallonsa da ƙafafun baya, ya hau ɗan tudun da taya ta yi, ya gangaro, ya sake hawa. Hashimu ya tsaya yana kallonsa kamar shi ne zai kawo mafita.

"Aisami, buɗe ta da waya. Na ga kuna yi."

"Wannan ba a yi mata waya. In na soka ƙarfe na tsinka wani abu, gobe ka ce na kashe ta gaba ɗaya. A'a. Ga makulli a wuyanka."

"Zan ba ka duk abin da ka ce."

"Ba na so. Fatar nake so in ga cikinta."

Salular Husseini ta sake kuka. Bai ɗauka ba. Ya matso har Hashimu yana jin numfashinsa.

"Baba, ban taɓa ɗaga maka murya ba. In ba ka ba ni ba, zan tsinke ta daga wuyanka, in nemi gafara daga baya."

Hashimu ya dube shi. Idanun Barmo ne sak, har da ɗan jan nan na gefe. Sai ya juya, ya tafi gindin bedi inda masu shayi suka kafa murhu, ya ɗauko ɗaya daga duwatsun, da zafinsa. Motar da yake gogewa da hannun rigarsa in yaro ya taɓa, motar da ba ya bari a ci gyaɗa a ciki. Ya ɗaga dutsen da hannu biyu ya maka a gilashin shofer.

Karo na farko dutsen ya dawo. Na biyu gilashin ya yi fari, ya zube kamar gishiri.

Motar ta fasa ihu. Fitilu suna walƙiya, oda tana tashi tana faɗuwa, tattabaru suka watse daga rufin asibiti. Gardi, mai gadin asibitin, ya fito da gudu yana cewa akwai marasa lafiya, wane irin hauka ne wannan. Hashimu ya zura hannu ya buɗe daga ciki, wani zafi mai nauyi ya bugo shi, da wani wari kaɗan da kowa ya ji, ba wanda ya ambata. Husseini ya buɗe baya da sauri yana yi wa mahaifinsa fifita da hularsa.

Hashimu ya zauna kan ɓaraguzan gilashi, ya taka birki, ya danna maɓallin tashi. Shiru, sai ihun. A allon gabansa hoton wani ɗan makulli ya fito, ja, yana ƙiftawa. Ya sake dannawa. Ya sake.

Aisami ya leƙo ta tagar da ta fashe, ya ɗora gwiwar hannu.

"Ba ta jin muryar telekomand ɗin, Alhaji. Ka fasa gilashinka a banza. Sai an sa pil."

Hannun Hashimu na kan sitiyari. Jini na ɗiga daga yatsansa kan farar shadda. Daga baya ya cire igiyar daga wuyansa, a hankali, ta maƙale a kunnensa, ya fizge ta, ya miƙa.

"Mu je gefe," ya ce ƙasa-ƙasa.

"A gaban mutane ka zage ni."

Aisami ya ɗora layar kan kapo, murfin injin motar, ya karɓi wuƙar Husseini, ya bi ɗinkin ɗaya bayan ɗaya. Fatar ta bushe ta ƙanƙance, sai da ya ɓare ta kamar ɓawon goruba. Ya ɗaga telekomand ɗin sama yadda kowa zai gani, ya ɗaga murya ta fi ta motar.

"Jama'a, ku duba! Kun ga maɓallin kullewa? Kun ga yadda ya lotsa? Ƙullin nan aka ɗora a kansa aka ɗinke. Fata ta sha gumi, ta sha rana, ta matse. In ya sunkuya ta danna, in ya tsuguna ta danna, dare da rana tana danne da shi har pil ya ƙare. Ba aljani, ba Aisami. Layarsa ce ta kulle masa ɗan'uwa!"

Wani ya yi dariya, ya tuna akwai gawa, ya haɗiye.

Ƙullin takardar ya gangaro daga kan kapo ya faɗi cikin rairayi. Zaren ya riga ya yanke, takardar ta ɗan buɗe baki, baƙin tawada yana leƙowa. Husseini ne ya fi kusa. Ya sunkuya ya ɗauka, ya fara warware ninkin farko da babban yatsa, irin na wanda ya saba duba takardun yara ba tare da ya yi niyya ba.



Yakura ce ta fizge ta. "Ba a karanta laya a kan gawa. Ba ka da hankali?" Ta cusa ta a bakin zaninta ta ƙulle, ƙulli biyu. "Shiga ka riƙe kan ubanka."

Aisami ya ɓare telekomand ɗin da turnabis ɗin kwance ƙusa, ya sa pil daga aljihun gabansa, ya danna. Ihun ya yanke. Shirun da ya biyo baya har kunne yake yi wa ciwo. Ya miƙa wa Hashimu abin tsirara, baƙi, ƙarami, sannan ya sunkuyo kusa da kunnensa.

"Da ka manna shi jikin maɓallin tashi, da ta tashi ko pil ya mutu. Haka aka yi su. Na so dai mutane su gani."

Ya hau babur ɗinsa ya tafi bai waiwayo ba.

Sun bar gari rana ta karkata kaɗan. Bayan an sauka daga kwalta sai rairayi, motar tana nitsewa tana fita, iska mai zafi tana shigowa ta tagar da ta fashe tana ruri, har ba a jin karatun da Husseini ke yi can baya. Yakura na gaba, ta dafe ƙofa da hannu ɗaya. Sun wuce kwari biyu, dabinai tsaye a gindin tuddai kamar mutanen da suka sauka shan ruwa. A na uku Yakura ta yi magana, ba ta dubi Hashimu ba.

"Barmo ɗan Hamsatu."

Motar ta yi gefe, ya dawo da ita.

"Ni ban iya karatu ba," ta ce. "Ba na bukata. Matar Malam Tanimu ƙawata ce tun muna 'yan mata, shi kuma Malam ba ya iya kwana da magana. Barmo ya sani tun kafin ya kwanta."

"Yaya..."

"Yi tuƙinka. Lokotoron asibiti ya ce ƙoda ce, shekara uku tana cinsa yana ɓoyewa. Kada ka ba kanka girman da ba ka da shi. Layarka ko ƙadangare ba ta kashe ba."

Hashimu ya haɗiye miyau da rairayi.

"Me ya ce? Da ya ji."

"Dariya ya yi, har da tari. Shekaranjiya kuma ya ce min, Yakura, in mutuwa ta zo, kada a nemi ambilans. A sa ni a motar Hashimu, ina so in ga ko za ta buɗe min."

Iska ta ci gaba da ruri. Hashimu ya ɗaga ido ya dubi madubi. Tabarmar tana girgiza da kowane rami, ƙafafun nan dogaye suna bugun murfin baya, ƙwas, ƙwas, kamar mai neman a buɗe masa.

"Ki ba ni takardar in ƙona."

"A'a."

"Don darajar Inna."

"Sunanta na ciki, ka tuna da darajarta lokacin?" Ta shafa ƙullin zaninta. "Tana wurina. Yanzu 'ya'yan Barmo bakwai ne a kan dabinon nan. Ranar da ka sake cewa a raba, ko ka aiko wani ya auna, in kira Husseini in ce ya karanta min wata wasiƙa da na tsinta."

Rumbunan Gamu sun bayyana daga kan tudu, sannan mutane, cikin farare da shuɗɗan riguna, tsaye a rana a bakin gari. La'asar ba ta yi ba tukuna. Hashimu ya tsaya a gabansu, ya kashe mota, ya fita ya buɗe baya da kansa. Hannuwa suka miƙo aka ɗauki Barmo. Wani dattijo ya riƙe hannun Hashimu mai jini ya ce Allah ya yi albarka, ɗan'uwa ya yi ɗan'uwa, har gilashi ya fasa don wansa, labari ya riga su isowa ta salula.

Hashimu ya ce amin. Ya dubi Yakura, ta riga ta shige cikin mata.

Ya tsaya da telekomand ɗin a tafin hannu. Yaran gari sun kewaye motar suna jira ya yi nisa ya danna, su ga ta ƙifta ido kamar kullum. Ya jefa shi aljihu, ya bar ƙofofin biyar a buɗe, ya bi bayan gawar.